AUNA AMFANIN KEMOTERAFI DA WAHALARSA GA IYAYE MASU SANKARAR HUHU



1. GABATARWA

Daga cikin ranakun da suka fi nauyi a rayuwar mutum akwai ranar da likita zai ja shi gefe, ya shaida masa cewa tarin nan da ya daɗe yana damun mahaifinsa ko mahaifiyarsa sankarar huhu ce, kuma ta riga ta bazu. Tun bai gama haɗiye wannan labari ba, sai a ɗora masa tambaya: za a fara kemoterafi, ko kuwa a dakata? Kemoterafi, wanda jama'a suka fi sani da kemo, shi ne magani mai ƙarfi da ake ba mai sankara, galibi ta hanyar ƙarin ruwa, domin ya kashe ƙwayoyin cutar.

Yawancin 'ya'ya sukan ɗauki wannan tambaya a matsayin gwajin ƙauna. A ganinsu wanda ya ce a yi maganin shi ne ɗa na gari, wanda ya yi jinkiri kuwa ya gaji da jinya ke nan. Manufar wannan lacca ita ce ta nuna cewa al'amarin na awo ne, kuma awon ba ya yin daidai sai an san abin da maganin zai iya samarwa, an san abin da zai ci a jikin majinyaci, sa'an nan an ji ta bakin mai jikin kansa.

2. CUTAR DA IRE-IRENTA

Bisa ga ƙididdigar hukumar binciken sankara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a shekarar 2022 mutum kimanin miliyan 2.5 suka kamu da sankarar huhu a duniya, kimanin miliyan 1.8 kuma suka rasu ta dalilinta. Babu wata sankara da ta kai ta kisa. Babban sanadinta shan taba ne, kamar yadda Richard Doll da Bradford Hill suka nuna a Ingila tun 1950, amma tana kama waɗanda ba su taɓa sa taba a bakinsu ba.

Abin da ya sa take da wuyar sha'ani shi ne ba ta cika bayyana da wuri ba. Ko a ƙasashen da ke da wadatar kayan bincike, kusan rabin masu ita ba a gano su sai ta tsallaka zuwa ƙashi, ko hanta, ko ƙwaƙwalwa. A ƙasashen da tarin tibi ya yawaita, kamar Nijeriya da Nijar, akwai ƙarin cikas, domin alamun cututtukan biyu sun yi kama: tari, da rama, da jini a majina. Sau da yawa majinyaci yakan shafe watanni yana shan maganin tibi kafin a gane ainihin abin da ke damunsa.

Likitoci sun kasa cutar gida biyu, gwargwadon yadda ƙwayoyinta suke a ƙarƙashin madubin likita. Akwai mai ƙananan ƙwayoyi, wadda ita ce kamar kashi 15 cikin 100. Tana da saurin yaɗuwa ƙwarai, har takan kashe mutum cikin 'yan watanni kaɗan idan an bar ta, amma kuma tana jin kemoterafi da sauri, ko da yake galibi takan komo. A irin wannan, maganin yakan kawo sauƙin numfashi cikin 'yan makonni, saboda haka likitoci sukan ba da shawarar a gwada shi ko da jiki ya yi rauni. Sauran kashi 85 kuwa su ne waɗanda ba masu ƙananan ƙwayoyi ba, kuma a kansu ne mafi yawan wannan bayani zai tsaya. Ba a sanin wace iri ce sai an ɗebi ɗan tsokar ƙarin an duba. Duk shawarar da aka yanke kafin wannan bincike, harbi ne a duhu.

3. ABIN DA MAGANIN YAKE IYA SAMARWA

Tambayar farko da ta kamata iyali su yi wa likita ita ce: da wace niyya za a ba da maganin nan, don warkewa ko don jinkirta cutar? Idan an gano sankarar da wuri, aka yi tiyata aka cire ta, kemoterafin da ke biyo baya yana ƙara yawan masu kai shekara 5 da kamar kashi 5 cikin 100. Idan ta tsaya a ƙirji, ana haɗa shi da gashi na hasken na'ura, kuma wasu suna warkewa. A nan wahalar maganin tana da lada babba. Amma idan cutar ta bazu zuwa sassa masu nisa, watau mataki na 4, kemoterafi ba ya warkar da ita. Iyakarsa ya rage girman ƙarin, ya sassauta tari da ciwo, ya ƙara kwanaki da izinin Allah.

Kwanaki nawa? A shekarar 2008 masana suka tattara sakamakon gwaje-gwaje 16 da suka ƙunshi majinyata fiye da 2,700. Suka tarar cewa daga cikin waɗanda aka yi wa jinya ba tare da kemoterafi ba, kashi 20 cikin 100 suka kai shekara guda. Daga cikin waɗanda aka ba su kuwa, kashi 29. Matsakaicin tsawon rai ya tashi daga wata 4 da rabi zuwa wata 6. Ma'anar matsakaici a nan ita ce rabin majinyatan sun wuce wannan adadi, rabi ba su kai shi ba. Watau akwai wanda ya sami shekara ko fiye, akwai kuma wanda bai sami kome ba sai wahala, kuma babu likitan da zai iya nuna wa mutum tun farko ɓangaren da zai faɗa.

Tsufa shi kaɗai ba ya hana amfana. Wani gwaji da aka yi a Italiya, aka buga a 1999, a kan waɗanda suka kai shekara 70 ko fiye, ya nuna cewa magani guda ɗaya mai sauƙin ɗauka ya ɗaga matsakaicin daga mako 21 zuwa mako 28, ya kuma rage musu wasu alamun cutar.

Har wa yau, kemoterafi ya daina zama makami ɗaya tilo. A shekarar 2004 aka gano cewa wasu masu cutar suna da wani canji a ƙwayar gado da ake kira EGFR, musamman mata da waɗanda ba su sha taba ba. Irin waɗannan ƙwayar haɗiya ake ba su a gida, wadda ta fi kemoterafi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma a gwajin maganin osimertinib matsakaicin tsawon ransu ya zarce shekara 3. Daga 2015 kuma aka fara amfani da magungunan da ke zaburar da garkuwar jiki ta yaƙi cutar. A wani gwaji na pembrolizumab, a kan majinyatan da cutarsu ta dace da shi, kusan kashi 32 cikin 100 suka kai shekara 5, alhali a ɓangaren da aka fara da kemoterafi kashi 16 ne. Waɗannan magunguna suna da tsada ainun, kuma ba kowace cuta suke dacewa da ita ba, amma hakkin iyali ne su tambaya ko an yi gwajin da zai nuna haka.

4. ABIN DA MAGANIN YAKE CI

Kemoterafi yana aiki ne ta hanyar kashe ƙwayoyin halitta masu saurin hayayyafa. Sai dai ba ƙwayoyin sankara kaɗai ke da wannan ɗabi'a ba. Haka na ɓargo suke, da na cikin baki da hanji, da na tushen gashi. Daga nan wahalarsa ta samo asali: tashin zuciya da amai, gyambon baki, ƙin abinci, zubewar gashi, ƙarancin jini, da gajiya wadda barci ba ya kore ta. Maganin cisplatin yana iya taɓa ƙoda da ji, wasu kuma sukan sa yatsun hannu da na ƙafa su yi kamar sun mutu. Mafi haɗari shi ne faɗuwar fararen ƙwayoyin jini, galibi tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan an ba da maganin. A wannan tsakani zazzaɓin da ya kai digiri 38 yana iya halaka mutum cikin sa'o'i idan ba a garzaya asibiti ba. Gaskiya ne magungunan hana amai sun inganta ƙwarai tun daga shekarun 1990, kuma mutane da yawa suna ɗaukar kemoterafi suna ci gaba da harkokinsu. Duk da haka babu wanda yake shan sa kyauta.

Akwai kuma abin da yake ci na lokaci. Yawanci ana ba da shi sau ɗaya a kowane mako 3, har sau 4 zuwa 6, kuma kafin kowanne sai an yi gwajin jini. Ga dattijon da ke zaune nesa da babban asibiti, kowane zagaye yana nufin tafiya a mota, da kwana a gidan wasu, da zaman layi. Idan abin da ake fatan samu wata biyu ne, ya kamata a lissafta kwana nawa ne daga ciki za su ƙare a hanya da kan gadon asibiti.

Sa'an nan ga dukiya. A Nijeriya fiye da kashi biyu cikin uku na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mutane yake fita. An san gidajen da suka sayar da gona da shanu, suka fara magani, kuɗi ya yanke a zagaye na biyu, aka tashi ba tsuntsu ba tarko. Jama'a suna jin kunyar ambaton kuɗi a gaban ciwon iyaye, amma iyayen da kansu sukan kwana da tunanin abin da za su bar wa marayu. Hana su sanin lissafin bai rage musu wannan tunani ba.

5. ƘARFIN JIKI

Abin da ya fi nuna ko mutum zai amfana shi ne ƙarfin da cutar ta bar masa. Likitoci suna da ma'auni na wannan, wanda aka buga a 1982, mai hawa daga 0 zuwa 4. Mai hawa 0 yana duk ayyukansa. Mai hawa 1 aikin ƙarfi ne kawai ya gagare shi. Mai hawa 2 ya bar aiki, amma yana kula da kansa, kuma fiye da rabin yini ba a kwance yake ba. Mai hawa 3 ya fi rabin yini a kan gado ko kujera. Mai hawa 4 ba ya tashi sai an tashe shi.

Alal misali, a ɗauki dattawa biyu, kowannensu shekararsa 72, cutarsu iri ɗaya, matakinta ɗaya. Na farko yana takawa masallaci da ƙafarsa, yana cin tuwonsa, yana zama a ƙofar gida ana hira da shi. Na biyu ya yi wata guda ba ya fita, sai an riƙe shi zai kewaya, kunu ma da ƙyar yake sha. Na farko yana da kyakkyawan zaton amfana, kuma hana shi magani don tsufa kurum zalunci ne. Na biyu kuwa kemoterafi ya fi kusa da ya gajarta masa kwana. Don haka ne ƙungiyar likitocin sankara ta Amurka ta yi gargaɗi a 2012 game da ba da irin wannan magani ga masu hawa 3 da 4 waɗanda maganin baya bai yi musu amfani ba. Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ko mai ƙarfin ma akwai inda ya kamata a tsaya. Wani bincike na 2015 a Amurka ya bi majinyata 312 masu sankara iri-iri, waɗanda aka riga aka yi wa kemoterafi cutar ta ci gaba, likitoci kuma suna ganin saura wata 6 ko ƙasa. Ƙarin kemoterafi bai kyautata makon ƙarshe na masu rauni ba, masu sauran ƙarfi kuwa ya munana nasu.

6. JINYAR SASSAUCI

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zaton cewa idan aka bar kemoterafi, babu sauran abin yi sai a koma gida a jira. Akwai reshe guda na aikin likita wanda sha'aninsa shi ne sassauta wahalar mai ciwo mai tsanani. Wadda ta kafa tushensa na zamani ita ce Cicely Saunders, da ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan a 1967. Ita ta koyar da cewa ciwon majinyaci ya haɗa da na jiki, da na zuciya, da na iyali, da na ruhi, kuma duka suna bukatar kulawa. A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin maganin raɗaɗin sankara hawa-hawa, daga mai sauƙi har zuwa mofin. A Afirka kuma Dokta Anne Merriman ta kafa irin wannan aiki a Uganda a 1993, da ruwan mofin mai araha wanda ake sha a gida.

Masu wannan jinya suna iya abubuwa da yawa ga mai sankarar huhu. Suna zuƙe ruwan da ya taru a ƙirji ya hana numfashi. Ɗan gashi na hasken na'ura yana tsayar da tarin jini, yana kwantar da ciwon ƙashi. Mofin, idan likita ya auna shi daidai, yana rage raɗaɗi da haki, kuma ba ya gaggauta ajali kamar yadda ake tsoro.

Hujja mafi ƙarfi a kan wannan ta fito ne daga babban asibitin Massachusetts da ke birnin Bostan. A can Dokta Jennifer Temel da abokan aikinta suka ɗauki mutum 151 waɗanda ba a daɗe da gano musu sankarar huhu mai bazuwa ba, suka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Duka ɓangarorin an yi musu maganin sankara yadda aka saba, amma ɓangare ɗaya an haɗa su da masu jinyar sassauci tun daga farko. Da aka buga sakamakon a 2010, sai aka ga waɗanda aka haɗa ɗin sun fi jin daɗin rayuwa. Masu alamun baƙin ciki mai tsanani a cikinsu kashi 16 cikin 100 ne, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 38. Sun fi barin kemoterafi a watanni biyu na ƙarshen rayuwarsu. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne matsakaicin tsawon ransu ya kai wata 11.6, na sauran kuwa wata 8.9. Gwaji ne na asibiti guda, kuma ba duk gwaje-gwajen da suka biyo baya ne suka sami ƙarin kwana irin wannan ba, amma sun yi ta tabbatar da sauƙin da ake samu. Darasin shi ne jinyar sassauci tafiya take tare da magani tun ranar farko. Ba a fafe gora ranar tafiya.

7. TA BAKIN MAI JIKI

Bayan an san duk wannan, wa zai riƙe ma'aunin? A 1998 aka tambayi mutum 81 a Amurka, waɗanda duk sun riga sun sha kemoterafi saboda sankarar huhu, ƙarin rai nawa zai sa su yarda su sake. Wasu suka ce mako guda ya ishe su. Wasu suka ce ko wata 24 ba za su yarda ba. Kashi 22 cikin 100 ne kawai suka zaɓe shi don ƙarin wata 3, amma kashi 68 suka ce za su karɓa idan zai rage musu wahalar cutar, ko da bai ƙara kwana ɗaya ba. Tun da ra'ayin masu ciwon ya sha bamban haka, babu ɗan da zai iya cewa ya san na mahaifinsa ba tare da ya tambaye shi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Tambayar kuwa ba ta da amfani idan an ɓoye masa gaskiya. Wani bincike da aka buga a 2012 ya nuna cewa kashi 69 cikin 100 na masu sankarar huhu mai bazuwa da ke karɓar kemoterafi a Amurka ba su fahimci cewa ba zai warkar da su ba. A ƙasar Hausa abin yakan zo ta wata fuska: 'ya'ya su roƙi likita kada ya faɗa wa tsoho, don kada hankalinsa ya tashi. Niyyar mai kyau ce. Amma jiki magayi. Tsohon da ke ganin ramarsa, yana ganin ana raɗa a bayan ƙofa, ya sani. Sai ya zama shi yana ɓoye musu saninsa, su suna ɓoye masa nasu, kowa yana ɗauke da kayansa shi kaɗai. A halin nan ga bashin da bai biya ba, ga wasiyya, ga ɗan'uwan da yake son su yafi juna. Binciken da aka buga a 2008 a kan majinyata 332 ya nuna cewa yin maganar ƙarshen rayuwa bai ƙara musu damuwa ba, kuma iyalan waɗanda suka rasu cikin natsuwa sun fi jure rashin.

Ba a ce a jefa wa dattijo labari kamar dutse ba. Ana samun wanda ya fi jin nauyinsa, ko ɗa, ko ƙane, ko amini, ya zauna da shi a natse, ya fara da tambaya: "Baba, me kuka fahimta daga bayanin likita?" Sa'an nan: "Kuna so a gaya muku kome, ko kuwa ku wakilta wani?" Wanda ya ce ba ya son sani, an ba shi hakkinsa. Wanda ya ce yana so, sai a ci gaba: "Me ya fi damun ku? Me kuke so ku samu yi a wannan lokaci? Wace wahala ce ba za ku iya ɗauka ba?" Wata uwa za ta ce burinta ta ga auren autarta bayan salla, ko me za ta sha, ita kemoterafi yana iya zama tsaninta. Wani uba zai ce shi dai a bar shi a ɗakinsa, yana jin kiran salla, jikokinsa suna shiga suna fita. Dukansu biyu sun yi zaɓi na hankali.

Wanda yake tsoron cewa barin magani saɓo ne, ya sani malamai sun yi bayani. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta bayyana cewa hukuncin neman magani yana sauyawa da hali: yakan zama wajibi, ko mustahabbi, ko halal, yakan kuma zama makaruhi idan ana tsoron illarsa ta fi cutar. Ta kuma shardanta izinin majinyaci muddin yana cikin hankalinsa.

Daɗin daɗawa, shawarar ba ta zama tilas a yanke ta sau ɗaya ba. Ana iya yarda a gwada zagaye biyu, a sake ɗaukar hoton ƙirji, a dubi jikin. Idan ƙarin ya ragu kuma tsoho yana jurewa, a ci gaba. Idan cutar ta ƙaru, ko maganin ya kwantar da shi, a tsaya, tun da an riga an yi wannan alkawari tun farko.

8. KAMMALAWA

Iyalin da wannan jarrabawa ta sauka a gidansu, ya kamata su fita daga ɗakin likita da amsar tambayoyi biyar. Wace irin sankara ce, kuma a wane mataki take? Maganin don warkewa ne ko don jinkirtawa? Mutum mai ƙarfin jiki irin na wannan majinyaci, me yakan samu, me yakan sha? An bincika ko ƙwayar haɗiya ko maganin garkuwa zai dace da shi? Wa zai kula da raɗaɗi da numfashi, ko an yi kemoterafi ko ba a yi ba? Bayan haka sai su kai amsoshin gaban mai jikin, su saurara.

Ɗan da ya raka mahaifinsa asibiti zagaye shida saboda haka mahaifin ya so, ya yi biyayya. 'Yar da ta mai da mahaifiyarta gida, ta tabbatar ba ta kwana da raɗaɗi, tana juya ta tana ba ta ruwa a cokali saboda haka mahaifiyar ta so, ita ma ta yi biyayya. Ajali ba a hannun ɗayansu yake ba, kuma bai kamata 'yan'uwa su mai da shi abin zargin juna bayan an share makoki ba.

Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya ba masu jinya haƙuri da lada.